ALHAKI KUIKUYO NE: INA MARUBUTANMU SUKA ƁATA HANYA A LABARIN BAN TSORO?

'Yan'uwana marubuta, a wani zaman karatu da muka yi kwanan baya wani ɗan'uwa ya karanta mana babi guda daga littafinsa na aljanu. Aljanin nasa kai bakwai gare shi, da kofato, wuta na fita ta hancinsa. Kafin ya kai ƙarshe rabin ɗakin na dariya. Da aka zo sharhi sai ya ce ai ban tsoro sai a majigi, inda ake da kuɗi da na'urori. Ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan, kuma shaiduna daga ƙasar Tailan zan kawo su, domin a harkar finafinan fatalwa mutanen nan sun yi zarra.

Mu fara da Nang Nak, wanda Nonzee Nimibutr ya shirya a 1999. Tsohon labari ne da kowane yaro ya sani a can, har akwai wurin da ake ziyarta da sunan matar a haikalin Wat Mahabut a Bankok. Mak ya tafi yaƙi ya bar matarsa Nak da ciki, ta rasu wajen haihuwa tare da jaririn. Da ya dawo sai ya tarar da ita a gida riƙe da ɗa, ta yi masa abinci, suka ci gaba da zama. Duk gari an san ta mutu, shi kaɗai ne bai sani ba, wanda kuma ya yi yunƙurin gaya masa sai ajali ya cim masa. A labarin da ake bayarwa, asirinta ya tonu ne ranar da lemon tsami ya faɗo mata daga saman ɗaki, ta miƙa hannu ya yi ta tsawo har ƙasa ta ɗauko. Lemon tsami fa! Ina kofato? Ina wuta? Abin da ke sa tsikar jikin mai kallo ta tashi shi ne ya san abin da mijin bai sani ba, yana kallonsa yana cin tuwo da gawa, ga shi kuma yana tausayin gawar domin ƙauna ce ta hana ta tafiya.

Shaida ta biyu ita ce Shutter na 2004, aikin Banjong Pisanthanakun da Parkpoom Wongpoom. Wani mai ɗaukar hoto ne ke fama da ciwon wuya, aka ɗora shi a sikeli a asibiti sai ga kilo 120, alhali ba shi da jiki. Sai can a ƙarshe hoto ya nuna ashe wata yarinya ce zaune a kafaɗarsa. Tsohuwar budurwarsa ce wadda abokansa suka ci wa mutunci, shi kuma ya tsaya yana ɗaukar hoto, daga baya ta kashe kanta. Hausawa sun ce alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. To ga shi an ɗora wa mutum alhakinsa a wuya yana yawo da shi. Wannan dabara nawa ta ci? Da biro da takarda ake ƙirƙirarta.

Na uku, Ladda Land na Sophon Sakdaphisit, 2011. Magidanci ya ci bashi ya sayi gida a wata sabuwar unguwa a Chiang Mai don ya fita kunyar iyalinsa. Unguwar ta zama ta fatalwa, maƙwabta na kwashe kaya, shi ko bashi ya ɗaure shi ba inda za shi. Duk magidancin da ya taɓa kwana da bashi ya san wane ne dodon gaskiya a wannan fim.

Karin maganarmu na cewa tsoro na daji, kunya na gida. Mutanen Tailan sun ɗauko tsoron daga daji sun shigo da shi ɗaki, suka haɗa shi da kunyar. Mu kuwa kullum sai mu tura jaruminmu bayan duwatsu bakwai ya gamu da wata halitta wadda ba abin da ya haɗa su. Bai cuce ta ba, ba ta bin sa komai, ya zare takobi ya sare ta. Wannan labarin jarumta ne, yana da daɗinsa, amma ba zai hana kowa barci ba.

Na san wani zai ce ai su mabiya Buddha ne, sun yarda mamacin da ya yi mummunar mutuwa yana iya dawowa, mu kuwa aƙidarmu ta ce wanda ya tafi ya tafi. Gaskiya ne, kuma ban ce a kwafo fatalwarsu ba. Kwafar ma ba ta da amfani, domin Amurkawa sun sake yin Shutter a 2008 da kuɗin da ya fi na asali, bai kama ƙafar na farkon ba. Abin koyi shi ne sun yi aiki da abin da jama'arsu suka riga suka yarda da shi. Mu me muka rasa? Muna da haƙƙin maraya, da amanar da aka ci, da gadon da aka danne, da kishiyar da aka yi wa ƙazafin maita har ta haukace. Muna da kangon da yara ba sa bi ta gabansa bayan magariba, kowa kuma ya san dalili amma ba mai faɗa. Ba sai an ta da mamaci ba, mafarki da zuciyar mai laifi sun isa.

Saboda haka duk wanda zai rubuta irin wannan labari ya fara tambayar kansa: wa aka zalunta, wa ya sani ya yi shiru, kuma a wane ɗaki na gidan abin ya faru? In bai da amsa, ya ajiye biron tukuna. Ga ɗan'uwana mai aljani kuwa, shawarata ita ce ya sare kawuna shida ya bar ɗaya, sannan ya ba wannan ɗayan fuskar wanda jaruminsa ya cuta. A zama na gaba ya zo ya karanta mana, mu ga wanda zai yi dariya.

Allah ya sa mu dace, amin.