Sana'ar Cikin Gida: Kwali Ɗaya Ko Kwali Uku?

 

Tambayar da ta fi yawa a cikin saƙonnin wannan wata ta fito ne daga masu sayar da kaya ta intanet ga mutanenmu mazauna ƙasashen waje. Wata 'yar uwa daga Zariya ta ce mai sayenta da ke Landan ta zaɓi atamfa turmi biyu ranar Litinin, ranar Laraba ta ƙara huluna huɗu na maigidanta, ranar Juma'a ta ce a sa mata turaren wuta, sannan ta rufe da cewa, "Hajiya, a haɗa mini su wuri ɗaya don kuɗin aike ya zo da sauƙi." To a haɗa ko kada a haɗa? In an haɗa, nawa za a ce ta biya?

Amsata ita ce, galibi haɗawar ta fi. Amma kada bakinki ya furta kuɗin aike sai kin ɗaure kwalin, kin ɗora shi a sikeli, kin kuma auna shi da tef irin na tela. Duk asarar da ake tafkawa a wannan harka daga gaggawar faɗin farashi take farawa.

Bari mu fara da dalilin da ya sa haɗawa ke rage kuɗi. Kamfanonin jigila ba sa raba kuɗinsu daidai a kan kowane kilo. Rabin kilo na farko shi ne mai tsada, domin a cikinsa suka zuba kuɗin karɓar kaya, da cike takardu, da kai shi har ƙofar gida. Duk rabin kilon da ya biyo baya ƙari kaɗan ne a kan na farkon. Kin ga ke nan in kin aika ƙunshi uku daban-daban, sau uku kika biya wannan kuɗi mai tsada. In kin haɗa, sau ɗaya. Wannan shi ne abin da mai sayenki ta sani, kuma tana da gaskiya.

Abin da ba ta sani ba, kuma da yawa daga cikinmu masu sayarwa ba su sani ba, shi ne ba nauyi kaɗai ake caja ba. Jirgin sama wuri yake sayarwa. Don haka kamfani irin DHL yana auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, ya ninka su, ya raba da 5000. Abin da ya fito shi ne nauyin girma, sai a gwada shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za ki biya. Mu ƙaddara kwalinki yana da tsawo 40, faɗi 30, tsayi 25. In kin ninka za ki samu 30,000, in kin raba da 5000 ya zama kilo 6. Ko da sikelinki na gida ya nuna kilo 3, kuɗin kilo 6 za a karɓa a hannunki.

A nan ne huluna ke cin mutum. Atamfa tana da nauyi amma tana kwanciya, ba ta cin wuri. Hula kuwa, musamman mai tauri wadda ba a son ta karye, iska ce zalla a cikinta. Haka faifai da kwando da mafici. Wadda ta lissafa kuɗin aiken atamfa, ta ce ai huluna ba su da nauyi, ta ƙara ɗan abu kaɗan, za ta je ofishin jigila a gaya mata kuɗin da zai cinye ribar atamfar gaba ɗaya, alhali ta riga ta karɓi kuɗin mai saye, kunya kuma ba za ta bar ta ta nemi ciko ba. Dabarar ita ce ki saka hula cikin hula in girmansu ya ba da dama, ki cusa ƙananan kaya masu laushi kamar ɗankwali a cikin ta ƙarshen, sannan ki yanke kwalin ya yi daidai da kayan. Kada ki ɗauko kwalin taliya don kawai shi ne a kusa. Santimita biyar da kika rage a tsayin wancan kwali na misali ya fi kilo ɗaya a lissafinsu.

Masu aikawa ta gidan waya kuma su lura da wata iyaka. Abin da ake kira ƙaramin ƙunshi a tsarin gidajen waya na duniya ba ya wuce kilo 2. Da ya haura, ya koma wani aji mai farashinsa daban, takardar kwastan ɗin ma takan canza daga ƙaramar nan CN22 zuwa babbar, CN23. Wani lokaci ƙunshi biyu masu kilo ɗaya da rabi sun fi ɗaya mai kilo uku sauƙi, wani lokaci akasin haka. Ki tambayi kuɗin duka biyun kafin ki yanke shawara, tambaya ba ta cin ko sisi.

Sai maganar haraji, wadda ita ce ta fi ɓata tsakanin mai saye da mai sayarwa, domin ba ya bayyana sai kaya sun isa can. Mu ɗauki Ingila, inda yawancin masu sayenmu suke. Tun daga 1 ga Janairun 2021, in darajar kayan da ke cikin ƙunshi ba ta wuce Fam 135 ba, tun wurin saye ake karɓar harajin VAT, wanda a yawancin kaya kashi 20 ne cikin 100. In a kasuwar intanet irin eBay ko Etsy aka yi cinikin, kasuwar ce ke karɓa da kanta. In kuwa darajar ta haura Fam 135, sai kaya sun shiga ƙasar ake karɓa daga hannun wadda aka aika wa, ana iya ƙara kuɗin kwastan a kai, kamfanin da ya kawo kayan shi ma ya ɗora ladan aikinsa. Abin lura shi ne, darajar dukan abin da ke cikin kwalin ake dubawa, ba ta kowane kaya shi kaɗai ba.

Yanzu ki duba abin da haɗawa ke iya jawowa. Mai saye ta yi oda uku, kowace ta Fam 60, kasuwar ta karɓi harajinta a kan kowace ɗaya. Ke kuma don kyautatawa kika zuba su a kwali ɗaya, kika rubuta Fam 180. Kwastan ɗin can ba su ga oda uku ba, kwali ɗaya suka gani wanda ya haura iyaka. Sai a kawo wa baiwar Allah takardar biyan harajin da ta riga ta biya, kuma dawo da shi wahala ce mai zaman kanta. Garin neman gira an rasa ido. A irin wannan hali, ki haɗa biyu ki ware ɗaya, ko ki gaya mata tun farko abin da zai iya biyo baya, ta zaɓa da kanta, a rubuce.

Amurka labarinta daban ne. Shekara da shekaru duk ƙunshin da bai wuce Dala 800 ba yana shiga ba tare da kuɗin kwastan ba, amma a ranar 29 ga Agustan 2025 gwamnatin ƙasar ta dakatar da wannan rangwame ga duk ƙasashen duniya. Ƙasashen Tarayyar Turai su ma tun Yulin 2021 suka soke rangwamen VAT da suke yi wa kayan da ba su wuce Yuro 22 ba, a ƙarshen 2025 kuma suka amince su kawo ƙarshen rangwamen kwastan na Yuro 150. Waɗannan dokoki suna saurin canzawa, don haka duk ranar da za ki aika, ki tambayi ma'aikacin jigila nawa ne harajin ƙasar da kayan za su, kuma wa zai biya, ke ko mai karɓa.

Na san abin da wasu ke yi: a rubuta "kyauta" a takarda, ko a rage darajar kaya zuwa rabi, sau da yawa ma mai sayen ce ke roƙon a yi hakan. Ni dai ba na ba kowa wannan shawara. Ƙarya ce aka sa wa hannu, kuma sunanki ne a ƙasan takardar, ba nata ba. Ban da haka, in kwalin ya ɓace, diyyar da za a ba ki ba za ta wuce abin da kika rubuta da hannunki ba. Kayan Fam 180 da aka rubuta Fam 30, Fam 30 ne a wurin masu inshora. Wannan ya fi zafi a kwalin da aka haɗa, tunda oda uku ce ta tafi a lokaci guda. Duk kwalin da ya tara kaya masu daraja, a biya masa inshora, a sa kuɗin cikin lissafi tun farko.

Akwai kuma kayan da ba sa zama da juna. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ingila ba ta yarda a aiko wa mutum nama ko kayan madara daga ƙasashenmu ba, Amurka ma ba ta karɓar naman da ya fito daga nan. Ma'ana kilishi da dambun nama ba su da wuri a kwalinki, haka man shanu in Ingila za shi. Mai saye za ta ce, "Ɗan kaɗan ne, a tura shi ƙarƙashin atamfa." In aka buɗe aka gani, ba kilishin kaɗai zai sha wahala ba, kwalin ne gaba ɗaya za a tsare, da leshin bikin da ake jira. Turaren ruwa mai sinadarin da ke kama wuta shi ma jiragen sama suna lissafa shi cikin kaya masu haɗari, gidan waya ba ya ɗauka. In humrarki tana da irin wannan haɗi, ki faɗa wa kamfanin gaskiya su gaya miki ko suna da hanyar ɗaukarta.

Wasu kuma doka ba ta hana ba, hankali ne ya hana. Daddawa da yaji ba sa tafiya da tufafi, ko leda nawa kika naɗa. Turaren wuta ƙamshi ne, amma ba kowace mai saye ke son shaddar maigidanta ta iso tana ƙamshin turaren da ba shi ya zaɓa ba, kuma maiƙonsa yana iya yin tabo in zafi ya buge shi. Kasko na ƙasa kuwa, in ya fashe a hanya, zai yaga abin da ke kusa da shi. Kwalba a rufe bakinta da salatif, a sa ta a leda biyu, a nesanta ta da yadi.

Ga masu shago a kasuwannin intanet, ku yi komai a cikin kasuwar. A eBay mai sayarwa tana iya tsara ƙa'idar haɗa kuɗin aike tun farko, tana kuma iya tura wa mai saye takardar biya guda ɗaya ta dukan kayan kafin ta biya. In ta riga ta biya kuɗin aike sau uku, ki mayar mata da rarar ta cikin kasuwar, ba ta asusun wata ƙanwarta da ke Kaduna ba, domin abin da kasuwar ba ta gani ba, ba za ta shaide ki a kansa ba ranar rigima. Lambar bin sawun kwalin kuma ki shigar da ita a kan kowace oda, duka ukun. In kin sa a ɗaya kawai, sauran biyun a idon kasuwar ba a aika su ba. Ki tuna kuma eBay da Etsy suna cire kasonsu har a kan kuɗin aike, ba a kan kuɗin kaya kaɗai ba. Na Etsy kashi 6.5 ne cikin 100 tun 2022. In kin karɓi daidai abin da kamfanin jigila ya caje ki, daga aljihunki za ki cike wannan.

Rarar da aka samu ta wace ce? A ganina ta mai saye ce, ita ta tara odar. Ki cire kuɗin kwali da salatif da kuɗin motar zuwa ofishin jigila, ki faɗa mata kin cire, sauran ki bar mata. Matan da ke zaune a waje sun san juna, suna haɗuwa a suna da biki, kuma wadda aka mayar wa Fam 10 ba ta tambaya ba, ita ce za ta ba ƙawayenta lambarki.

Daga nan ne ma wata haɗawar ke tasowa: mata huɗu ko biyar a gari ɗaya su ce a aika kayansu gidan ɗaya daga cikinsu. In a kasuwar intanet suka saya kowace da sunanta, kada ki yarda, domin kariyar da kasuwa ke ba ki tana kan adireshin da ke jikin odar ne kawai. Ɗaya ta saya wa kowa, su yi lissafinsu a can. In ta WhatsApp ko Instagram ne, ki ɗauki mace ɗaya a matsayin mai sayenki: ita za ta biya, ita za ta ɗauki harajin, ita za ta raba. Kowane kaya a ledarsa da sunan mai shi. Kuɗin aike kuma a raba shi bisa nauyi da girma, kada mai ɗankwali biyu ta biya daidai da mai turmi shida.

Sannan ki sa wa jira iyaka. Mai cewa "a dakata zan ƙara" tana iya riƙe miki kaya wata guda, farashin jigila ya tashi, canjin kuɗi ya motsa, kasuwar intanet kuma tana ƙirga miki kwanakin da kika yi alkawarin aikawa. Ki ce mata kwali zai rufe ranar kaza, abin da ya zo bayan nan sai tafiya ta gaba. Kafin ki manne shi, ki shimfiɗa kayan ki ɗauki hotonsu, ki ɗauki na kwalin a kan sikeli, ki tura mata tare da jerin abin da ke ciki da kuɗin kowanne. Wannan jerin shi za ki kwafa a takardar kwastan, kowane kaya da sunansa da adadinsa, ba a rubuta "kayan sawa" kawai a wuce ba.

A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake yi in mai saye ta ce kaya sun iso a lalace. Masu tambaya a kan haka su turo da wuri. A gaida yara.