Madatsar Ruwa Ma Kan Yi Ciwon Ciki

Duk wanda ya san aikin gara ya san gungume kan tsaya kamar lafiyayye alhali cikinsa ya zama gari. Haka ruwa yake yi wa madatsar da aka gina da ƙasa. Yakan tsiyaya ta jikin bangon a hankali, yana kwashe ƙananan ƙwayoyin ƙasa daga tsakanin yashi da tsakuwa. Da tafiya ta yi nisa sai ƙofofi su yawaita, ƙasar ta saki, ƙarfin ɗaukar nauyinta ya ragu. Wannan ita ce zaizayar ciki, wadda ke haddasa kusan rabin ɓallewar irin waɗannan madatsu a duniya.

Madatsar Teton ta jihar Idaho a Amurka babban darasi ce. Tsayinta mita 93, kuma cikarta ta farko ke nan. Da safiyar 5 ga Yuni, 1976, aka ga ruwa mai laka yana ɓulɓulowa daga jikinta. Kafin azahar ta ɓalle, mutum 11 suka rasa rayukansu.

Saboda haka ne masana suka duƙufa wajen tsara lissafin da kwamfuta za ta kwaikwayi halin ƙasar da ta zaizaye. A ɗakin gwaji akan ɗibi ƙasa, a bi da ruwa ta cikinta, a auna abin da ya fice, sannan a matse saura a ga nauyin da zai jure. Da wannan awo ake gina lissafin.

To, a nan gizo ke saƙa. Lissafin da aka gina da ƙasar Turai ba lalle ne ya faɗi gaskiyar jigawa da jar ƙasar Arewa ba. Ga shi kuwa madatsar Tiga da ƙasa aka gina ta, kuma ɓallewar Bagauda a 1988 da ta Alau a 2024, ko mene ne sanadinsu, sun nuna irin ɓarnar da ke biyo baya.

Ya wajaba jami'o'i da hukumomin raya koguna su haɗa hannu: a gwada ƙasar kowace madatsa, a dasa na'urorin auna matsin ruwa, a riƙa rubuta yawan tsiyaya da launinta. Masana halittu ma suna da rawar takawa, domin ramukan gara da saiwoyin itatuwa kan buɗe wa ruwa hanya. Madatsar da aka auna ƙarfinta ranar gini kaɗai, ba a san ƙarfinta na yau ba.