Rahoton da aka rubuta kafin a ga gidan

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011 gini bai tsaya ba a garin. Duk mai fili ya jera ɗakuna ya zuba ɗalibai haya, kuma babu mai musun cewa ana bukatar wanda zai riƙa duba gidajen nan kafin 'ya'yan mutane su kwana a ciki. Inda na raba hanya da jama'a shi ne maganar da ta cika bakin matasan injiniyoyi yanzu, wai maganin abin shi ne a ba mai duba gini manhaja a waya, cike da shiryayyun jimloli, ya latsa ya zaɓa, rahoto ya fito tsaf. Ni ban yarda ba, kuma ina da dalili.

Manhajoji irin su Spectora da HomeGauge a Amurka aka ƙirƙire su, domin masu duba gida kafin a saya. Jimlolin da ke cikinsu na gidan katako ne, mai ɗakin ƙarƙashin ƙasa da na'urar ɗumama ɗaki. Wanda ya rubuta su bai taɓa ganin azarar da gara ta cinye ta ciki ba, bai san yadda ruwan indararo ke zaizaye gindin katangar ƙasa a watan Agusta ba.

A daminar bara na raka ɗan ƙanwata neman ɗaki. Dillali ya miƙo mana rahoto mai shafi huɗu da hotuna masu launi. A kan tsagewar da ke bangon gabas an rubuta cewa ƙaramar tsagewa ce a filasta, a riƙa lura da ita. Allah ya sa mun tafi da wani dattijon magini daga Ɗantutture. Bai ko kalli takardar ba. Ya zaro makulli ya karci bulo inda filasta ta ɓare, sai ga yashi yana zubowa kamar gari. Ya bi tsagewar da yatsa, ƙasa siririya, sama kuma tana cin ɗan yatsa. Ya zagaya baya ya tarar da inda ruwa ke kwanciya a kusurwar. Na ce, "Baba, yaya ka gani?" Ya ce, "Malam, bangon nan tafiya yake yi." Sannan ya auna tsakanin rijiya da ramin masai da ƙafarsa, taku bakwai. Rahoton ko ambaton rijiyar bai yi ba, domin babu gurbinta a ciki.

Abin da ke cin raina ke nan. Jimlar da aka riga aka tanada tana kashe ido. Mutum ya daina tambayar kansa abin da yake gani, sai laluben jimlar da ta fi kusa. Da yawa daga cikin jimlolin nan ma domin kare mai rahoton daga shari'a aka tsara su, shi ya sa suke ƙarewa da cewa a nemi ƙwararre ya ƙara dubawa. To, shi da aka biya, mene ne aikinsa? Iyayenmu suna tuna duba-gari, wanda ke shiga har tsakar gida ya buɗe randa ya leƙa da idonsa.

Za a ce manhaja tana rage cin hanci da ɓatan takardu. Ɓatan takardu, na yarda. Amma wanda zai karɓi na goro ya sa hannu da biro, zai karɓa ya latsa waya, kuma ƙaryarsa ta fito da kwarjinin da zai hana talaka yin gardama. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saint Academy ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. Ginin da zai faɗi ba ya duba kyan takarda.

Idan hukumar tsara birane ta Jihar Katsina za ta sayi manhaja, ta zaɓi wadda ke tilasta hoto mai kwanan wata da wuri, da awon faɗin tsagewa, da nisan rijiya daga masai, sannan ta bar fili fari inda jami'i zai rubuta hukuncinsa da kalmominsa, da Hausar da mai haya zai karanta, ya sa sunansa a ƙasa. Shiryayyun jimlolin a goge su duka.

Ɗakin nan ba mu kama shi ba. Da na bi ta layin bayan sallah, na ga labule a ƙofarsa da takalman yara mata biyu a bakin dandamali.