KO KUN SANI? Daga Ina Sunan Maguzawa Ya Fito

Wata uwa daga Nariya ta aiko mana da tambaya. Ta ce 'yarta ta komo daga kasuwa tana kuka, wai an ce mata 'yar Maguzawa. Yarinya ta ce, "Inna, zagi ne?" Uwa kuwa ta rasa ta cewa. To, bari mu taɓa maganar a watan nan, gama gidajen masu bi da yawa a ƙasar Rano da Kibiya daga wannan tsatso su ka fito.

A bakin kasuwa za ku ji wai Maguzawa su ne waɗanda su ka guje wa salla. Zancen yana da daɗin faɗi, amma mu ba mu ba shi nauyi ba. Masana da yawa sun fi yarda kalmar daga Larabci ta zo, wato Majus. Haka Larabawa su ke kiran mutanen Farisa, Iran ta yanzu, masu riƙe da addinin kakanninsu. Shari'a ta yarda irinsu su zauna ƙarƙashin sarki Musulmi, su biya jiziya, a bar su da al'adarsu. Da malaman ƙasar Hausa su ka dubi manoman da ba su musulunta ba, sai su ka lissafta su tare da waɗannan. Suna ya bi su.

Ga inda mu ka ajiye alƙalami mu ka yi murmushi. Larabawa ma aro su ka yi. Asalin kalmar na Farisa ne, Helenawa kuma sun ara. Ku buɗe Matta sura 2. Mutanen nan na gabas da su ka bi tauraro har Baitalami, da zinariya da lubban da mur, a Helenanci magoi Matta ya kira su. Tushensu ɗaya da Majus. Ba mu ce kakanninmu ne ba fa, kada wani mai bishara ya tashi ran Lahadi ya yi wa'azi da haka! Kalma ce kawai ta yi doguwar tafiya har ta sauka a gonakinmu.

Akwai kuma masu cewa Bamaguje ba Bahaushe ba ne. Su tambayi tsofaffi. Rano tana cikin Hausa Bakwai, tare da Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Biram, kuma Autan Bawo a ke yi wa sarkinta kirari. Sa'ad da wani Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya so sanin tsohuwar al'adar Hausa, cikin Maguzawan ƙasar Kano ya zauna, ya buga littafinsa a 1946.

Uwa, ki zaunar da yarinyar nan bayan tuwon dare, ki karanta mata surar, ki gaya mata sunan kakanninta ɗaya ɗaya. Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu dubi abin da ya sa Littafi Mai Tsarki ya ke kiran Bitrus almajiri.