Idan Aiki Ya Kai Maigida Jos



Hirarmu ta wannan wata da ke ce, wadda aka yi wa maigidanki canjin wurin aiki daga Kano ko Sakkwato zuwa Jos, kika kwashi yara kuka bi shi. Garin a kan tudu yake, kimanin mita 1,200 sama da teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Shi ya sa ko a Afrilu, lokacin da mutanen gida ke kwana a waje saboda zafi, ke sai kin ja mayafi da asuba.

Abin da ya fi damuna shi ne kaskon wuta. In sanyin Disamba da Janairu ya kankama, sai mace ta shigar da garwashi ɗaki, ta rufe ƙofa da taga, har ta toshe kafa da tsumma wai don yara. 'Yar uwa, gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma ko hayaƙi ya ɗauke tana ci gaba da fita. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Wanda ke farke zai ji ciwon kai, jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa ba abin da zai tashe shi. Jariri da mai juna biyu sun fi kowa shiga haɗari. Ki ji ɗumi taga a buɗe, ki fitar da kaskon kafin a kwanta. In kuka tashi ku duka da ciwon kai lokaci guda, ki fitar da kowa waje, ku nufi asibiti.

Yara kuma a saka musu riga a kan riga, da hula da safa, wanka a bari sai hantsi. Mura za su yi ta yi. Amma in kika ga yaro yana numfashi da sauri, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, kada ki tsaya ga man zafi, yana iya zama nimoniya.

A madafa ma za ki sha mamaki. Saboda tudun, ruwa kan tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100, wake ya ƙi nuna da wuri. Kada ki zargi mai wake, ki jiƙa shi tun dare. Damina kuma tun Afrilu har Oktoba, don haka duk ranar da rana ta fito ki buɗe akwatunan lefe ki shanya, kafin fumfuna ta ci miki leshi. Gidan sauro kada ki naɗe shi, sanyin bai kori sauro ba.

Dankalin Turawa da kabeji dai kin zo gidansu. Ki samu maƙwabciya 'yar gari ta koya miki gwaten acca.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.