Shin manhajar waya za ta iya mayar da shara taki?

A jami'o'i da dama na Amurka da Turai da Asiya, ɗalibai kan taru a ƙarshen mako domin wata gasa da ake kira hakaton, inda akan ba su sa'o'i 24 zuwa 48 su ƙirƙiro manhajar da za ta magance wata matsala.

Daga cikin abubuwan da masu shiga gasar a karo na farko kan zaɓa, akwai manhajar koya wa jama'a yadda ake mayar da ragowar abinci takin gargajiya.

Tambayar ita ce, ko irin wannan aiki na kwana biyu zai iya yin tasiri a kan matsalar da ta gagari manyan biranen duniya.

Girman matsalar

Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2024 ya ce an zubar da abinci fiye da tan biliyan 1 a shekarar 2022, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidajen jama'a ya fito.

Tun a shekarar 2018 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 44 cikin 100 na sharar duniya ragowar abinci ne da ganyayyaki, amma abin da ake mayarwa taki bai kai kashi 6 cikin 100 na dukkan sharar ba.

Idan aka binne abinci a juji inda iska ba ta shiga, yakan ruɓe ya fitar da iskar methane, wadda a cikin shekaru 20 take ɗumama duniya fiye da sau 80 a kan carbon dioxide.

Idan kuwa aka tara shi yadda zai sha iska, sai ya zama abincin ƙasar noma.

Abin da manhaja za ta iya

Haɗa taki ilimi ne da ba shi da wuyar koyarwa, abin da ya sa yake jan hankalin sababbin shiga ke nan.

Ana gauraya kashi biyu ko uku na busassun abubuwa, kamar karmami da busasshen ganye, da kashi ɗaya na ɗanyu, kamar ɓawon kayan lambu.

Sai a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Tarin da ya haɗu da kyau yakan yi zafin da ya haura digiri 55 a ma'aunin Celsius, wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa.

Manhaja za ta iya gaya wa mutum abin da zai zuba da wanda zai ware, ta tuna masa ranar juyawa, ta kuma bayyana masa dalilin da ya sa tarin ke wari.

To sai dai akasarin ayyukan da ake nunawa a irin wannan gasa ba sa wuce ranar raba kyaututtuka, domin da zarar an watse kowa kan koma karatunsa.

Akwai dai waɗanda suka tsira. Manhajar aika saƙo ta GroupMe ta samo asali ne daga wata gasa a birnin New York a shekarar 2010, kuma kamfanin Skype ya saye ta a shekarar 2011.

Amma aika saƙo aiki ne da ke farawa ya ƙare a cikin waya. Taki kuwa yana bukatar fili, da mazubi, da motar kwasa, da kuma manomin da zai karɓa.

Darasi daga Koriya ta Kudu

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan fanni da doka suka fara.

Koriya ta Kudu ta hana binne ragowar abinci a juji a shekarar 2005, sannan a shekarar 2013 ta wajabta wa magidanta biyan kuɗi gwargwadon abin da suka zubar.

A unguwanni da dama na birnin Seoul, mazubin ne da kansa ke auna nauyin sharar bayan mutum ya nuna katinsa. Ƙasar ta kai ga sarrafa fiye da kashi 90 cikin 100 na ragowar abincinta zuwa taki, da abincin dabbobi, da makamashi.

Ita ma Faransa, daga ranar 1 ga watan Janairun 2024, ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin samar wa jama'a hanyar ware ragowar abinci daga sauran shara.

A irin waɗannan wurare ne manhajar koyarwa take da amfani, domin akwai inda za a kai abin da aka ware.

A wasu wuraren kuma, ba ilimin ne aka rasa ba. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna ɗibar shara da taki daga cikin gari a mangala bisa jakuna zuwa gonakinsu.

Abin da ke ɓata wannan al'ada a yanzu shi ne leda da fasassun kwalabe da batura da ke cakuɗe da sharar, alhali tsadar takin zamani, musamman tun bayan ɓarkewar yaƙin Ukraine a shekarar 2022, ta ƙara wa takin gargajiya daraja.

Ribar gasar

Wannan ba ya nufin cewa ɗaliban sun yi aikin banza.

Wanda ya shiga gasa a karo na farko yakan koyi aiki tare da mutanen da bai sani ba, da rage buri domin ya kammala a kan lokaci, da kuma kare aikinsa a gaban alƙalai.

Waɗanda suka zaɓi batun taki kuma sukan fita da sanin wata matsala da a da ba su damu da ita ba.

Sai dai ma'aunin nasarar manhajar ba ya hannun alƙalan gasa. Yana ga yawan abincin da ya kauce wa juji ya isa gona, kuma wannan ya dogara ne ga hukumomin birane da masu kwasar shara.