Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Majalisar Tarayyar Nijeriya

Ya ku masu girma wakilanmu,

Ina tunatar da ku cewa tun da aka zartar da dokar inshorar lafiya a 2022, wadda ta wajabta ta bisa kowa, talakawa ke zuba ido, alhali giɓin kasafin kuɗi sai faɗaɗa yake, biyan bashi kuwa yana lashe kaso mai tsoka na abin da ke shiga baitulmali. Alkawarin Abuja na 2001, wato ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, har yau bai cika ba. Don Allah, idan tsimi ya zama lalura, ku fara datse almubazzaranci, kada ku taɓa haƙƙin majinyata.

Wassalam.